Ƙaramar Tukunyar Balaraba

A unguwar Rikkos ta Jos, in biki ya taso, ba a tambayar wa za ta yi girki. Tambayar ita ce ko Balaraba tana da sarari.

Doguwa ce, baƙa, marar yawan magana. Kakanta ya zo Jos haƙar kuza, ubanta ya yi ɗinki a bakin kasuwa, ita kuwa ta tashi a gindin murhu. Mijinta ya rasu tun ɗanta Mahdi bai gama firamare ba. Da ludayi ta riƙe gidan. Ba ta auna komai da kofi ko cokali. Ta ɗebo da hannu ta watsa, ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta yi jim, ta ce a ƙara kaza, ko ta ce a sauke. Shi ke nan. Ba a taɓa dawo mata da kula da sauran abinci a ciki ba.

Sai ciwo ya zo mata ta baki.

A wani suna ne a Jos Jarawa. Ba ita ta yi girkin ba, gayyatarta aka yi. Aka miƙo mata cincin da soyayyen dankali, ta ɗan taɓa don kada a ce ta raina. Kafin ta kai bakin titi leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da hannuwa, maƙogwaro ya fara tsukewa. Mahdi ne ya ɗauke ta a keke mai ƙafa uku da yake haya da shi, ya kai ta asibiti. Aka yi mata allura, numfashi ya dawo. Bayan an yi ta gwaje-gwaje, likita ya gaya mata abin da ake ciki. Jikinta ba ya karɓar man sanfulawa, man nan garai-garai da ake matsewa daga 'ya'yan wani fure rawaya. Ya ce ba kasafai ake samun haka ba, amma ita ta samu. Kada ta ci, kada ta lasa. Ya ce na gaba yana iya fin wannan.

Balaraba ta ce, "To."

Ba ta gaya wa kowa ba sai Mahdi da Jika, tsohuwar da ta daɗe tana taya ta aiki. Ta san garin da take ciki. Yau a ce ba ta cin wani mai, gobe a ce cuta gare ta, jibi a ce cutar tana shiga abinci. Kuma mai girkin da ba ta lasar girkinta, wa zai ba ta amanar bikin 'yarsa?

Sai ta kafa doka. Duk wanda ya kira ta aiki, ya sayi komai, amma ban da mai. Mai ita za ta kawo, daga wajen wata mai ƙuli-ƙuli da ke matse gyaɗa a gaban idonta. Mutane suka ɗauka sirrin daɗin girkinta ke nan. Ta bar su a haka. Ta daina cin soye-soyen waje. Man awo na kasuwa, wanda ake ɗurawa a gorar ruwa ba suna ba takarda, ko kallonsa ta daina. In ta je gidan mutane aka kawo abinci, sai ta ce ta ƙoshi, ko ta nemi ruwa. Wasu suka ce girman kai ya ƙaru mata. Ba ta musa ba. Ƙwayoyin asibiti kuwa suna ƙulle a bakin zaninta kullum.

Haka ta yi ta tafiya lafiya, har bikin Kuru.

Hajiya Ummi, matar wani babban ma'aikaci a Kuru, ita za ta aurar da 'yarta Salma. Angon shi ne Taofeek, ɗan Alhaji Alabi mai sayar da kayan gyaran mota. Gidajen biyu suka yarda a yi girki a fili ɗaya, a bayan gidan Hajiya, kowane ɓangare da mai girkinsa. Dangin amarya suka kira Balaraba. Dangin ango suka kira Idiat, wadda kowa ke ce wa Iya Kafayat.

Ita ma haifaffiyar Jos ce. Gajera, kakkaura, murya kamar tana kiran fasinja a tasha. Shekara da shekaru ita da Balaraba suna raba bukukuwan garin tsakaninsu, wannan ta ƙwace wa waccan aiki, waccan ta rama. Gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Balaraba takan ce abincin Idiat barkono ne aka yayyafa masa shinkafa. Idiat takan ce abincin Balaraba na masu jinya ne.

Sun isa Kuru bayan asuba. Damina ce, hazo ya sauko kan duwatsu, sanyi yana shiga ƙashi. Mahdi ya sauke musu tukwane da jarkokin mai, ya juya. An riga an jera murahu, an tara itace, ga kwandunan tumatir da tattasai da albasa jibge a ƙarƙashin rumfa. A ɗaya gefen Idiat ta riga ta hura wuta, tana yi wa matanta ihu.

Hajiya Ummi ta fito da mayafi mai kauri. Suka gaisa. Idonta ya sauka kan jarkokin Balaraba.

"Af, na manta ban aiko miki ba. Wannan man a ajiye shi gefe. Ga wanda za a yi aiki da shi can."

Balaraba ta duba. Jarkoki ne sababbi, farare, kowace da hoton fure rawaya a jikinta. Ba ta iya karatun boko ba, amma furen nan ta san shi.

"Hajiya, kin san dokata."

"Na sani, Balaraba. Yau kam a yi haƙuri. Baban ango yana da ciwon zuciya, likitansa ya ce da wannan za a riƙa yi masa girki. Shi ya aiko da shi da kansa, ya roƙa a yi duka abincin da shi, don ya ci daga kowane faranti ba sai ya tambaya ba. Na riga na amsa masa. Surukai ne sababbi, ba zan fara da saɓa magana ba."

Ta juya ta shige gida.

Balaraba ta tsaya a wurin. Abincinta na yau waina ce da shinkafa, amma abin da ake kiranta dominsa shi ne miyar dage-dage. Ita kuwa miyar nan rabinta mai ne. Kuma ba a sauke ta sai an lasa, an sake lasa.

Jika ta matso, goro a kumatu. "Mu juye namu a cikin jarkarsu. Wa zai sani? In ya shiga tumatir duk ja ne."

"A'a."

"To so kike ki mutu a bikin 'yar wasu?"

"Mutum ya faɗi abin da jikinsa ke ɗauka, Jika. Ni ce zan sa masa wani abu a baki a ɓoye? Ni?"

Jika ta sake dabara.

"To mu tafi gida. Ki ce zazzaɓi."

Balaraba ta girgiza kai. Mai girkin da ta gudu ranar biki ta gama aiki a Jos. Ta zauna a kan turmi, ta zuba wa jarkokin ido. Jika na iya zuba mai, tana iya juya miya, ita kuma ta tsaya ta inda iska ba ta kaɗo tiriri. Wannan mai sauƙi ne. Lasar ce matsala. Harshen Jika goro da garin taba sun kashe shi tuntuni, ko gishiri ka cika mata baki cewa za ta yi a ƙara. Matan gidan da aka turo taya aiki kuwa, duk abin da ka ba su cewa za su yi ya yi daɗi, sannan su kai labari cikin gida.

Can Balaraba ta ce, "Ina 'yar tukunyar da kike dafa shayi?"

Jika ta miƙo. Balaraba ta wanke ta da toka da kanta, ta wanke wani ƙaramin ludayi, ta haɗa duwatsu uku a can gefen katanga, nesa da manyan murahu. Ta tsiyayi man gyaɗarta a gwangwani ta ajiye kusa. Sannan ta gyara ɗaurin zani, ta ƙetara filin.

Idiat ta hango ta tun daga nesa.

"Ah-ah! Maman Mahdi da kanta a murhuna? Gishiri ne ya ƙare muku, ko koyon girki kika zo?"

Matanta suka tuntsire da dariya.

"An tashi lafiya, Iya Kafayat? Magana nake so. Gefe."

Suka koma bayan tarin itace. Balaraba ta faɗa mata komai a taƙaice, ba ta kalli ƙasa ba, ba ta sassauta murya ba. Idiat ta riƙe haɓa.

"Wai shi ya sa kike yawo da jarka kamar mai sayar da kananzir? Mu fa cewa muke asiri ne! Har aike na yi wajen mai ƙuli-ƙulin nan taki, na sayo galan guda. Na yi miya da shi, miya dai miya."

"Yanzu kin sani."

"To me kike so in yi miki?"

"Zan yi miya biyu. Ƙarama da man gyaɗa, babba da nasu. Tumatir ɗaya, kayan ƙamshi ɗaya, lokaci ɗaya. Ƙaramar ni zan lasa, in daidaita ta yadda nake so. Ke kuma ki lasa ƙarama, ki kurkure baki, ki lasa babba, ki gaya mini abin da ya raba su."

"In gaya miki ko ta yi daɗi?"

"Ban tambaye ki daɗi ba. Daɗi nawa ne. Bambanci kawai."

Idiat ta yi mata kallon sama da ƙasa. "Duk matan da ke filin nan, me ya sa ni?"

"Harshenki yana da kyau. Hannunki ne barkono ya lalata."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"Yadda kika ɗauka."

"In na yi miki ƙarya fa? Kin san yau ana gwada mu. Dangin ango da dangin amarya, kowa zai ce tasa ta fi."

"In kin yi ƙarya zan ji a bakin mutane."

"Lokacin an riga an ci."

"Na sani."

Idiat ta daɗe tana kallonta. Sannan ta yi tsaki, ta ce, "Je ki ɗora. In kin shirya ki ɗaga mini ludayi."

Aka fara aiki. Balaraba ta sa riga mai dogon hannu, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ce hayaƙi ne ke damunta. Jika ta zuba man a babbar tukunya. Albasa ta shiga, niƙaƙƙen tumatir da tattasai suka bi. Duk abin da Balaraba ta watsa wa babba da tafin hannu, sai ta koma gefen katanga ta sa wa ƙarama da yatsu. Citta, tafarnuwa, masoro, daddawa kaɗan, ruwan nama. Tana kai da kawowa tsakanin wuta biyu, ga masu waina tana duba su, ga shinkafa. Ba ta zauna ba.

Da hantsi ta lasa ƙaramar, ta gyara, ta sake lasa. Ta ɗaga ludayi sama.

Idiat ta zo tana goge hannu a zani, kamar wucewa take yi. Ta lasa ƙarama. Ta kurkure baki ta zubar. Ta je ta lasa babba da wani ludayin dabam, ta lumshe ido.

"Gishiri ɗaya ne. Citta ta babbar ba ta kai ba. Daddawa kuma ta ɓuya, man nan ba ya ɗago ta kamar na gyaɗa."

Balaraba ta ƙara citta, ta ƙara daddawa. Da Idiat ta sake zagayowa ta ce cittar ta zauna. Ta ƙara da cewa duka biyun ba su da barkonon da zai ta da ko jariri daga barci, amma ba a tambaye ta ba.

Wata daga cikin matan gidan ta ga ana ta zarya wajen 'yar tukunya. Ta zaro ludayi daga babbar miya, yana ɗigar mai, ta nufi katanga don ta ji abin da ke ciki. Balaraba tana wajen masu waina, ba ta gani ba. Idiat ce ta gani. Ita kuwa in ranta ya ɓaci Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Kai! Kai madam! Ajiye wannan ludayi! Wa ya aike ka? Tukunyan mai girki ne, ba a taɓa shi!"

Matar ta saki ludayin a ƙasa, ta koma tana gunaguni. Balaraba ta juyo, ta ga ludayin, ta ga inda aka nufa da shi. Ta kalli Idiat. Idiat ta riga ta juya tana zagin wadda ke tuƙa mata amala.

Bayan azahar motoci suka fara cika layin. Ana jin lasifika daga gaban gida, ana jin jan kujeru. Ƙaramar miya ta soyu, Balaraba ta lasa ta ji yadda take so, ta janye mata wuta. Ta je ta leƙa babba daga nesa. Mai ya taso ya kwanta a sama, ja wur, miyar ta yi duhu a gefe. Tun tana budurwa, in ta ga haka, miya ta yi.

Ta ɗaga ludayi. Idiat ta zo da sauri, gumi na zuba. Ta lasa ƙarama, ta kurkure, ta lasa babba. Ta sake lasa.

"Ba ta yi ba."

"Dubi man."

"Na ga man. Wannan man ba shi da nauyi, saurin tasowa yake. Ƙarama ta soyu. Babba akwai sauran tsamin tumatir, can bayan harshe. Tumatirin damina ne, ruwa ya yi masa yawa. Ki ba ta lokaci."

"Kamar yaya?"

"Sai ta yi. Ni zan gaya wa tumatir ya yi sauri?"

Ta koma wajenta. A can kuwa kulolinta sun jeru, an rufe, matanta suna ɗaura ɗankwali za su fara ɗauka.

Jika ta matso kusa da kunnen Balaraba. "Kin gani ko? Nata ya shirya, naki ta ce ki jira. So take nata ya riga fita, mutane su cika ciki, naki ya zo a ƙoshe. Miyar nan ta yi. Ko makaho ya ji ƙamshin nan ya san ta yi."

Balaraba ta ci gaba da leƙen miyar, Jika ta ƙara matsowa.

"To ki jefa kanwa ta kashe tsamin, in ma akwai shi."

"Kanwar da ba zan lasa ba? In ta yi yawa fa, miya ta koma baƙa?"

Ta tsaya tana kallon tukunyar. Idonta ya ce a sauke. Hannunta ma haka ya ce. Ludayi na nan a jingine, taku biyu tsakaninsu. Ɗigo ɗaya a tafin hannu zai raba gardama, ga ƙwayoyi a bakin zani. Ta tuna yadda maƙogwaronta ya tsuke a cikin keken Mahdi, da yadda yake tuƙi yana kiran sunan Allah. Ta kai hannunta baya ta riƙe shi da ɗayan.

Ta kalli ƙetaren fili. Idiat ba ta ko waiwayo ba, tana ƙirga kuloli da baki tana nuna hanya. Abincin dangin ango ya fara fita.

"Jika, zare itace biyu. A rage wuta. Ci gaba da juyawa, kada ta kama."

"Balaraba!"

"Juya."

Daga gaban gida aka fara jin ƙarar cokula. Mai lasifika ya yi wa dangin ango kirari, aka yi tafi. Wainar Balaraba tana cikin kula tana jira, shinkafa tana jira. Matan gidan sun tsaya cirko-cirko suna kallonta. Ita kuwa tana tsaye, hannu a baya.

Hajiya Ummi ta fito, leshi yana walƙiya, fuska a murtuke, ƙannenta biyu na biye da ita.

"Balaraba, lafiya? Dangin ango suna ci, dangina suna kallon bakinsu. Me ake jira?"

"Miya, Hajiya. Saura kaɗan."

Hajiya ta leƙa tukunyar. "Wannan ce saura kaɗan? Ga mai ya taso! Lasa ki ji mana, a sauke."

Ta ɗauki ludayin da kanta, ta ɗebo, ta miƙa mata.

Kowa ya waiwayo. Har masu waina sun bar tanda sun juyo. Balaraba ta kalli ludayin. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalin da ke hancinta.

"Ba zan iya lasa ba, Hajiya. Jikina ba ya karɓar man nan. In ya shiga bakina, asibiti za a kwashe ni, in an yi sa'a."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"To tun safe wa ke lasar abincin bikin 'yata?"

"Iya Kafayat."

Wata daga cikin ƙannen Hajiya ta tafa hannu. "Mai girkin dangin ango? Ita ta ce ki jira? Lallai an yi mana wayo a cikin gidanmu!"

Matan suka ɗauki guna-guni. Balaraba ta bari suka yi, sannan ta ce, "Hajiya, ga 'yar tukunya can. Ita na yi da man gyaɗa, na lasa da bakina. Haka nake so babbar ta zama. Ki lasa waccan da ludayinta, ki sha ruwa, ki lasa wannan. In ɗaya ne, a sauke yanzu, kuma kada ki sake kirana."

Hajiya ta dube ta. Ta tattare leshinta, ta taka har gefen katanga, ta sunkuya ta lasa. Aka miƙo mata ruwa. Ta dawo ta lasa babba. Ta motsa baki. Ta sake ɗiga wani a hannu ta lasa.

"Akwai saura," in ji ta.

Ƙanwarta ta buɗe baki. Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Ku je ku raba lemo da nama. Ku ce wa mai lasifika ya kira ƙawayen amarya su yi rawa. Kada wanda ya sake zuwa nan ya tsaya mata a ka." Ta juyo wajen Balaraba. "Da kin gaya mini tun safe."

"Da na gaya miki, da kin sallame ni."

Hajiya ta gyara leshinta. Ta koma wajen baƙi.

Jika ta ci gaba da juyawa. Miyar ta ƙara duhu, ƙararta ta sauya daga tafasa zuwa suya. Da aka jima Idiat ta dawo daga rabon abinci, ɗankwali ya karkace. Tun a hanya ta ji abin da ya faru.

"An ce na yi muku wayo."

"An ce."

"Ke ma kin ce?"

"Na yi tunaninsa."

"Da ba ki yi ba, da na raina ki." Ta lasa ƙarama, ta kurkure, ta lasa babba. Ta daɗe ido a rufe, har Jika ta fara tsaki. Sannan ta ajiye ludayi. "Ɗaya ne. Sauke."

Aka sauke. Waina ta fita, shinkafa ta fita, miya ta bi su tana tiriri. Mutanen da aka ce sun ƙoshi suka sake neman faranti. Alhaji Alabi ya ci waina da miyar, bai tambayi kowa komai ba, ya aika a ƙaro masa. Kafin la'asar ta yi sanyi kulolin ɓangare biyu sun dawo wayam.

Labari kuwa ya riga kulolin zagaya rumfa. Wata mata da ta riga ta yi magana da Balaraba kan bikin ɗanta ta wuce ta gabanta tana duba waya, ko sallama babu. Balaraba ta gane. Ta ci gaba da kankare tukunya.

Sai ga Madam Nkoli, maƙwabciyar Hajiya, ta zagayo bayan gida da takalminta mai tsini tana tsallake toka.

"Mama, ke ce mai miyan nan? 'Yata za ta yi aure bayan Kirsimeti. Ina son ki."

Balaraba ta miƙe. "Kin ji abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ji. Ciwon yana shiga abinci?"

"Ba ya shiga. Nawa ne ni kaɗai."

"To ina ruwana? Ni ma ba na cin ƙaguwa, ban mutu ba."

"Ki ji sharaɗi tun yanzu. In ni zan kawo mai, ni kaɗai zan zo. In naku ne, kuma irin na yau ne, sai da Iya Kafayat. Ba ita, ba ni."

Idiat tana can tana ɗaure bakin buhun gawayi. Ta ɗago.

"Ah-ah! Wa ya ce miki ina da sarari bayan Kirsimeti? Haka kawai za ki ba da ni kamar tukunyar aro?"

"Kina da shi?"

"Sai na duba."

"Duba da sauri. Matar na tsaye."

Idiat ta ja igiyar buhun ta ƙulle. Ta kalli Madam Nkoli.

"Madam, wace rana ce?"